Jagorar Mai Son Kiɗan Fim a Accra: Daga Buhun Kaset Zuwa Wagadugu

A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina akwai gidaje da yawa da har yanzu suke da buhu ko tsohuwar akwatin ƙarfe cike da kaset a ƙarƙashin gado. Galibinsu waƙoƙin finafinai ne: na Indiya da iyayenmu suka riƙa saye a zamanin silimar Dunia da Orion da Opera, da na Hausa da fatake da direbobi suka riƙa shigowa da su daga Kano. Duk damina danshi yana cin wani kaso, duk tashi daga gida yara suna zubar da wani a bola. Waƙoƙin Indiya suna da manyan kamfanoni masu kula da su, ko kaset ɗinka ya lalace za ka same su a YouTube. Na Hausa na farko-farko, da kiɗan tsofaffin finafinan Ghana, su ne ba su da mai tsaya musu. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce masa ya fara da abin da ke shirin ɓacewa, kuma kada ya ajiye ko waƙa ɗaya ba tare da sunan wanda ya yi ta ba. Duk bayanin da zai biyo baya a kan waɗannan biyun aka ɗora shi.

Da farko, ka zaɓi layinka

Kiɗan fim iri biyu ne. Akwai waƙar da ake rerawa, 'yan wasa su hau kanta suna motsa baki suna rawa. Akwai kuma kiɗan da ke tafe a ƙarƙashin labari, wanda yake sa gabanka ya faɗi tun kafin mugu ya leƙo. Mu a zango kunnenmu ya fi sabawa da na farko, amma na biyun ma yana jikinmu ba mu lura ba. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Ar-Risala na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1976, da ya ji kiɗan buɗewarsa zai gane shi ko daga bayan katanga ne. Bafaranshe Maurice Jarre ne ya tsara shi, kuma shi ne ya yi na fim ɗin Umar Mukhtar. Mutane nawa ne suka san sunansa cikin masu kallon?

Ba za ka iya tara komai ba, ɗakinka ma ba zai ɗauka ba. Ka zaɓi layi ɗaya ka riƙe shi shekara guda kafin ka ƙara wani.

Idan Indiya ce, ka daina bin sunan jarumi, ka koma bin mai tsara kiɗa da mai murya. Jarumin baki kawai yake motsawa. Muryoyin da muka tashi da su na Mohammed Rafi ne, wanda ya rasu a 1980, da Kishore Kumar, wanda ya rasu a 1987, da Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, da ƙanwarta Asha Bhosle. Masu tsara kiɗan kuwa su ne irin su Naushad, Shankar da Jaikishan, Laxmikant da Pyarelal, R.D. Burman, sai A.R. Rahman da ya fito da Roja a 1992. Ka jera kaset uku na R.D. Burman ka saurare su a jere, za ka soma jin hannunsa ko ba a faɗa maka ba.

Idan finafinan Hausa ne, ka ɗauki aiki mai nauyi kuma mai lada. Ana ƙirga farkon finafinan bidiyo na Kano daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Daga tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama, waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Sau da yawa kaset ɗin waƙoƙin yakan riga fim ɗin fita kasuwa don ya yi masa talla, kuma a kan kwalin hoton 'yan wasa za ka gani, da wuya ka ga sunan mawaƙi, balle na yaron da ya kwana a kan fiyano. Muryoyin Rabi Mustapha, Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Fati Nijar da Maryam A. Baba sun shiga kowane gidan biki a zangunan Ghana, amma ka tsayar da mutum goma ka tambaye su wa ya rera waƙa kaza, yawancinsu sunan jaruma za su ba ka. Wannan rashin adalci ne, kuma mai tara waƙa yana iya gyara wani abu daga ciki.

Layi na uku shi ne na Ghana da sauran Afirka, kuma shi na fi so matasanmu su waiwaya. Ƙungiyar Osibisa ce ta yi kiɗan fim ɗin Super Fly T.N.T. a 1973. Wasan kiɗa na Soul to Soul da aka yi a dandalin Black Star ranar 6 ga Maris 1971 ya zama fim, ya kuma fito a faifai. Manu Dibango na Kamaru ya yi wa Ousmane Sembène kiɗan Ceddo, Francis Bebey ya yi na Yaaba, Wasis Diop ya yi na Hyènes. A kusa-kusan nan, Blitz Bazawule da kansa ya tsara kiɗan fim ɗinsa The Burial of Kojo na 2018. Waɗannan kaɗan ne, kuma kowanne zai kai ka ga wani.

Ka fara daga gida kafin kasuwa

Kayan da suka fi daraja ba a kan tebur suke ba, suna hannun dattawa. Ka fara da gidanku, sannan na kawunai da gwaggonni, sannan tsofaffin masu gyaran rediyo, masu kiɗan biki da suka ajiye sana'a, da waɗanda suka taɓa riƙe shagon hayar bidiyo.

Yadda za ka tambaya shi ne rabin aikin. Kada ka shiga da maganar kuɗi. Ka je bayan la'asar, ka gaisa, ka zauna. Sannan ka ce, "Baba Alhaji, an ce a zamaninku ba wanda ya kai ku sanin finafinan Indiya a unguwar nan. Ko akwai sauran kaset ɗin da kuka ajiye? Aro nake nema, in juye in dawo muku da su." Ga mace kuwa, "Mma, waƙoƙin da ake sakawa lokacin bikinku, ina aka kai su?" Za ka sha mamakin yadda labari zai ɓalle. Ka bari ya ɓalle, ka buɗe littafinka kana rubutawa, domin abin da dattijo zai faɗa maka a kan silimar da ya kalli fim ɗin da shekarar da ya sayi kaset ɗin ba ya rubuce a ko'ina.

Abu uku ka kiyaye. Wasu dattawan sun bar sauraron kiɗa tun da suka sauke farali, kuma ba sa son a tayar da zancen. Idan ka ga fuska ta canza, ka ba da haƙuri ka sauya magana. Na biyu, idan mai kayan ya rasu, kayan na magada ne, ba na wanda ya buɗe maka ɗaki kaɗai ba, sai ka nemi yardar babban gidan. Na uku, a cikin buhun za ka tarar da kaset ɗin da ba na fim ba: wa'azi, karatu, ɗaurin aure, ko saƙon murya da wani ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa daga Jamus ko Libiya shekaru talatin da suka wuce. Da ka gane na sirrin gida ne, ka kashe, ka ware shi, ka mayar wa masu shi hannu da hannu. Idan suna so ka juye musu shi a waya, ka yi musu kyauta.

Abin da ka ara kuma ka mayar a ranar da ka faɗa. Zango ƙarami ne. Mutum ɗaya ya ce ka riƙe masa kaya, ƙofofi goma sun rufe.

Kasuwa, da yadda ake duba kaya

A Accra babu wani shago guda da za a ce nan ne matattarar kiɗan fim, yawo ake yi. Ka zaga wajen Opera Square, inda dillalan finafinan bidiyo suka daɗe suna hada-hada. Ka leƙa masu kayan gwanjo na Turai a kewayen Kantamanto da gefen manyan tituna, domin faifan garmaho da CD sukan biyo kwantena tare da tsofaffin rediyo da littattafai. Ka shiga kasuwar Nima ranar Laraba. Ka bar wa masu kayan lambar wayarka, ka gaya musu abin da kake nema da kalmomi masu sauƙi: faifai mai hoton fim a jiki. Wanda ya kira ka, ko kayan bai yi maka ba, ka tura masa ɗan na kati ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Gobe kai zai fara tunawa.

Faifan garmaho ka zare shi daga kwali ka karkata shi a hasken rana. Ƙarcen da ido ke gani amma farce ba ya ji, yawanci ba ya hana sauraro. Wanda farcenka ya maƙale a ciki, allura ma za ta maƙale. Ka ɗaga shi daidai idonka ka ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Ka tabbata sunan da ke tsakiyar faifan ya yi daidai da na kwalin, don sau da yawa ana musanya su. Faifan Indiya na asali za ka ga tambarin HMV da sunan masana'antar Dum Dum da ke kusa da Kalkata. Akwai ƙanana masu gudu 45 da ke ɗauke da waƙoƙi kamar huɗu, akwai manya masu gudu 33 da ke ɗauke da waƙoƙin fim gaba ɗaya.

Kaset kuwa ka duba ta 'yar tagarsa. Idan ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Ka duba ƙasansa ko ɗan soson da ke tallafe zaren yana nan. Ka sa biro a rami ka juya, ka ji ko yana tafiya ba tare da tirjiya ba. Wanda aka ɗaure da noti ya fi wanda aka manne da gam, domin shi ana iya buɗe shi a gyara. CD da VCD ka ɗaga su sama ta wajen haske: idan haske yana ratsowa ta ƙananan huji, ko gefen ya koma ruwan tagulla, sun fara mutuwa, sai dai ka saya da arha ka juye su a daren.

Kwali kada ka raina shi. Kaset mara kyau mai cikakken kwali wani lokaci ya fi mai kyau tsirara, saboda a kwalin ne sunaye da shekara suke.

Na'urar saurare

Ka nemi rikoda irin ta ɗaki mai mafitar sauti a baya, ba 'yar ƙaramar da ake ratayawa ba. Tsofaffin na Japan suna da ƙarko, kuma abin da ya fi lalacewa a cikinsu bel ne, wanda masu gyara a Zongo Lane za su iya nemo maka. Kafin ka saka kaset mai daraja, ka gwada ta da wanda ba ka damu da shi ba. Ka goge kanta da robar da ke jan zare da auduga da ɗan sifirit, ka bari su bushe.

Wajen garmaho akwai tarkon da yake kama mutane da yawa. Wutar Ghana 230 ce mai bugu 50, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60. Na'urar da aka yi don Amurka, in ka soka ta kai tsaye za ta ƙone. Ko ka sa mata taransifoma, wasu injinan da bugun wuta suke auna gudunsu, sai faifan ya riƙa juyawa a hankali, muryar Lata ta yi kauri. Ka karanta rubutun da ke bayan na'urar kafin ka biya. Kayan Ingila sun fi dacewa da wutarmu. Ka sayi sabuwar allura, don tsohuwa tana cin faifai, ka kuma tabbata amfilifayarka tana da mashigar garmaho ta musamman, in ba haka ba sautin zai fito siriri ƙwarai. Saboda yawan ɗaukewa da dawowar wuta, sitabilaiza dole ce.

Wanki da ajiya

Faifan roba ana wanke shi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, ruwan zalla nake nufi, ba mai asid ba, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke. Ka shafa da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layukan, ka kare takardar tsakiya, ka ɗauraye, ka jingine shi a inuwa ya bushe. Tsohon faifai mai gudu 78, mai nauyin nan da ke fashewa in ya faɗi, sifirit yana narkar da shi, kada ya kusance shi, kuma allurarsa daban ce. CD daga tsakiya zuwa baki ake goge shi, ba a zagaye ba.

Kaset mai fumfuna ka ware shi a leda shi kaɗai, kada ya shiga rikodarka mai kyau. Wanda ya daɗe a ajiye, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna, zaren ya saki jiki. Idan ƙoƙon ya fashe, ka kwance wani mai noti ka mayar da zaren ciki. Ka kuma ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa, don kada wani ya danna jan maɓalli ya ɗora hira a kan waƙar da babu irinta.

Maƙiyanka a Accra su ne danshi, zafi, ƙurar hunturu da ambaliya. Faifai a tsaye ake jera shi, ba a kwance wani kan wani ba. Kada ya jingina da bangon da ke tsattsafo, kada ya kwana ƙarƙashin kwanon da ba sili. Kaset ya yi nesa da sifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta yana shafe sauti. Ka samu robobi masu murfi, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa a cikin kwalin takalmi da na magani, ka riƙa sauya su. Sannan komai ya hau sama. Wanda ya ga ruwan 3 ga Yuni 2015 a Circle, ko yake zaune kusa da babbar kwatar Nima, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan ma'ajiyoyi ma ba su tsira ba: ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga ma'ajiyar finafinan Afirka da ke Wagadugu ta yi ɓarna.

Juyewa a kwamfuta

Ka haɗa mafitar sautin rikoda da kwamfuta ta hanyar ƙaramar na'urar sauti mai shiga USB. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta wadatar. Ka saita ma'aunan ingancin sautinta a 44,100 Hz da bit 16, wato daidai da ingancin CD. Ka nemo wurin da waƙar ta fi ƙarfi, ka rage har ma'aunin ya tsaya wajen -6, kada ya taɓa ja. Ka ɗauki fuskar kaset gaba ɗaya a zama guda, daga baya ka yanka waƙa-waƙa.

Kwafin farko ka ajiye shi a WAV ko FLAC, nau'o'in fayil da ba sa rage ingancin sauti, kada ka taɓa shi da wani gyara. Awa guda ta WAV tana cin kusan megabait 600, FLAC kuwa wajen rabin haka ba tare da an rasa komai ba. Daga shi ne za ka fitar da MP3 na waya. Ina roƙonka ka yi hattara da maɓallin cire shuu. In ka matsa masa, yana tafiya da numfashin mawaƙiya da zaƙin sarewa, ya bar maka sauti kamar daga cikin tulu. Shuu kaɗan ba ya kashe waƙa.

Ga finafinan da waƙoƙinsu ba su taɓa fita a kaset ba, ka buɗe VCD ɗin a kwamfuta, ka shiga jakar MPEGAV, ka kwafe fayilolin DAT, manhajar VLC za ta cire maka sautin. Ka ɗauki hoton kwali gaba da baya, da na rubutun ƙarshen fim. Ajiya kuma wuri uku: rumbu ɗaya a gida, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, ɗaya a intanet.

Littafin rajista

Nan ne mai tara waƙa yake rabuwa da mai cika memori. Yaron da ke tura waƙa a kasuwar waya ta Tip Toe Lane yana da dubbai, amma tambaye shi shekarar ɗaya daga ciki. Kai kuwa kowane abu da ya shigo hannunka ka ba shi lamba, ka manna ta a jikin leda, ba a jikin kwali ba. A littafi ko a jadawalin kwamfuta ka rubuta sunan fim, shekara, darakta, kamfani, wanda ya rubuta waƙar, wanda ya rera, wanda ya yi kiɗa, sutudiyo, sannan daga hannun wa ka samu da kuma abin da ya gaya maka.

Ka ware gurbi guda don madogara, wato a ina ka samo kowane bayani. Na kwali daban, na rubutun ƙarshen fim daban, na bakin mutum daban. Inda ba ka samu ba, ka bar gurbin fari. Kada ka cike shi da zato, domin zaton da ka rubuta yau, bayan shekara biyar wani zai ɗauke shi a matsayin hujja, a ƙwace wa wani bawan Allah aikinsa.

Na Indiya da na Turai, shafin Discogs zai ba ka lambar faifai da shekarar bugu, manhajar Shazam kuma takan gane waƙar da ba ta da suna. Tsofaffin na Hausa kuwa sai da ƙafa da baki. Tsofaffin kwafin mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, taska ce, haka rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Da yawa daga mawaƙan suna raye kuma suna Facebook. Ka tura saƙo da ladabi, da gajeren yanki na waƙar, ka ce, "Ranka ya daɗe, daga Accra nake. Wannan muryarka ce? Wa ya yi maka kiɗan?" Wasu ba za su amsa ba. Wanda ya amsa yakan ba ka sunaye uku da ba ka tambaya ba.

Don ka ga yadda masana ke wannan aiki, ka ziyarci ma'ajiyar J.H. Kwabena Nketia da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ka nemi izini tukuna, ka je da takamaiman tambaya.

Magana ɗaya a kan haƙƙi. Ghana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, kuma ko ba doka, guminsu ne. Ka juye don adanawa da sauraronka, kada ka buɗe kasuwa da shi. Mawaƙin da ke da tasharsa a intanet, ka saurara a can don ya samu nasa. Idan ka gano kana riƙe da waƙar da mai ita ma ya rasa, ka aika masa. Ka tura ta a matsayin fayil, don WhatsApp kada ya matse ta.

Bukukuwan finafinai: ka fara da na gida

Kiɗan fim don babban zaure aka yi shi. Abin da sifikar waya ke haɗiyewa, a silima ne za ka ji shi a ƙirjinka, kuma a wurin biki ne kaɗai za ka ga wanda ya yi fim tsaye a gabanka yana jiran tambaya.

A Accra akwai bikin Black Star International Film Festival da Juliet Asante ta assasa. Cibiyar Goethe da ke Cantonments da Alliance Française sukan nuna finafinai a kai a kai. Makarantar koyon fim da talabijin da aka fi sani da NAFTI, wadda aka kafa a 1978, tana maƙwabtaka da Goethe, kuma ɗalibanta kullum suna neman wanda ya san kiɗa. Ranakun bukukuwa suna motsawa daga shekara zuwa shekara, sai ka riƙa bin shafukansu.

Da jadawali ya fito, ka yi alama a kan finafinan da darakta zai halarta. Ka zauna a tsakiyar zaure, kashi biyu cikin uku daga allo, nan ne sauti ya fi daidaita. Kada ka ɗaga waya kana ɗauka. Idan fim ya ƙare kowa ya miƙe, kai ka zauna har rubutun ƙarshe ya wuce, ka kwafe sunan mai kiɗa da na mai haɗa sauti. Lokacin tambayoyi yawanci kowa a kan labari da 'yan wasa yake magana. Kai ka tambayi abu guda gajere: me ya sa aka yi shiru a wuri kaza, ko da wane kayan kiɗa aka yi sautin da ke bin yarinyar nan, ko kiɗan zai fita shi kaɗai. Daraktoci suna jin daɗin irin wannan tambaya, kuma sau da yawa daga nan ake haɗa ka da makaɗin.

Tafiya FESPACO

Wannan shi ne babban bikin finafinan Afirka, kuma yana maƙwabtanmu. An fara shi a Wagadugu a 1969, ana yin sa duk bayan shekara biyu a shekarun mara, galibi daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Babbar kyautarsa, Dokin Yennenga, Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara ɗaukarta a 1972, Kwaw Ansah kuma ya kawo ta Ghana a 1989 da Heritage Africa. Akwai kyauta ta musamman ga kiɗan da ya fi kyau, ka sa ido a kan finafinan da ke takararta.

Ka fara tanadi shekara guda kafin lokaci, ko da ta adashi ne. Hanyar mota ita ce Accra, Kumasi, Techiman, Tamale, Bolgatanga, sai iyaka a Paga, ka tsallaka Dakola, ka wuce Po ka shiga Wagadugu. Tafiya ce mai tsawo, gara ka yada zango a Tamale ko Bolga don ka ƙetare iyaka da safe. Burkina Faso ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka je ofishin jakadancinta a Accra ka tambayi takardun da ake nema a lokacin tafiyarka. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Akwai matsalar tsaro a sassan ƙasar: ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ka yi tafiyar rana, ka tsaya a babban titi, kuma in an ce a dakata ka dakata. Kuɗinsu sefa ne, ka canza kaɗan kafin ka shiga.

Masauki yana cika da wuri, sai ka nema tun da sauran watanni, ko ta hannun 'yan'uwa 'yan kasuwa da ke zirga-zirga can. Ka duba kalanda, domin azumin shekarun nan yana faɗowa a wannan tsakanin, garin kuma akwai zafi da ƙura. Ciné Burkina da Ciné Neerwaya suna cikin manyan zaurukan da ake nuna finafinai, layi yakan yi tsawo, ka isa da wuri. Faransanci ne harshen bikin, amma mai bin kiɗa ba ya asara da yawa, kuma Hausa za ta fisshe ka a kasuwa da tasha. Ka ware yini guda don rumfunan da ke kewaye da hedikwatar bikin da masu tsofaffin faifai na cikin gari. Abin da ka saya ka riƙe shi a jakar hannu tsakanin kwalaye biyu masu tauri, kada ya shiga but kusa da zafin inji.

In hali ya ƙara samuwa

Legas tana da bikin finafinai na AFRIFF, wanda aka fara a 2010, ana kuma zuwa ta Aflao da Lome da Kwatano. Abuja tana da bikin Zuma. Mai bin layin Hausa kuwa Kano ce maƙurarsa: akwai bikin KILAF na finafinan harsunan Afirka, akwai ofisoshi da sutudiyo a Zoo Road, akwai kasuwar Ƙofar Wambai inda dillalan kaset suka yi zamaninsu. Ka je da littafinka da jerin guraben da ka bari fari. A Turai akwai bukukuwan da kiɗan fim kaɗai suka sa gaba, kamar kyaututtukan World Soundtrack da ake bayarwa a Ghent ta Beljiyam tun 2001, da bikin Krakow na Poland da aka fara a 2008, inda cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa fim yana tafiya a allo. Biza da kuɗin jirgi ba wasa ba ne, amma ana samun wasu wasanninsu a intanet.

Duk inda ka je, cikin makon da ka dawo ka shigar da komai a rajista tun kafin sunaye su cakuɗe maka, har da tikiti da jadawalin biki, su ma ka ba su lamba. Sannan ka kira zaman saurare a majalisarku, tsakanin isha'i da lokacin da maƙwabta ke kwanciya, da sifika ɗaya mai kyau da butar shayi. Waƙa biyar ta isa. Kafin kowace ka faɗi fim ɗin, shekara, mawaƙi da makaɗi. Ka gayyato dattijon da ya ara maka kaset, ka ba shi kujerar gaba, ka sa ɗaya daga cikin waƙoƙin da ba ka gano masu su ba, ka tambayi jama'a ko akwai wanda ya sani.